Tambaya: aure da rasuwar miji suna fitowa a labarin marubuciya, ko mu masu karatu ne muke cusa su?

Ɗiyar Birni ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman ƙarin haske kan wani al'amari da ya raba kawunanmu a rukuninmu na karatu a nan Damagaram, inda muke bibiyar littattafan Hausa da ake sakowa kashi-kashi ta WhatsApp, tare da na takarda da ƴan kasuwa ke kawowa daga Kano. Akwai wata marubuciya da muka daɗe muna karantawa, wadda ba zan ambaci sunanta ba saboda maganar ta shafi gidanta. Mijinta ya rasu tana tsakiyar wani labari, ta dakata, kuma da ta fita takaba ta ci gaba da shi, sai dai duk wanda ya karanta ya lura cewa labarin ya sauya hanya. Mijin da ke cikin labarin, wanda tun farko aka nuna shi da rowa da saurin fushi, ya fara samun uzuri a bakin matarsa. Kishiyar da aka zana a matsayin muguwa ta koma mace mai nata tsoro da nata hujja. Dogayen hirarrakin soyayya kuwa suka ragu, maganar abinci da bashi da makarantar yara ta maye gurbinsu.

Wasu daga cikinmu sun ce ai gidanta take rubutawa tun asali, har suna ƙoƙarin gano wace ce kishiyar a zahiri. Wasu kuma sun ce ƙagaggen labari ƙagagge ne, bai kamata a haɗa shi da rayuwar mai shi ba. Abin da nake son sani shi ne, ta wace hanya zaman aure da baƙin cikin rashi suke shiga rubutun mace, kuma ina iyakar abin da mai karatu zai iya cewa ya gano game da ita daga labarinta?

Malamin Lise ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Na daɗe ina koyar da adabin Afirka cikin Faransanci a lise, wato babbar sakandare, a nan Zinder (Damagaram), kuma littafin da ya fi dacewa da tambayarki shi ne Une si longue lettre na Mariama Bâ ta Senegal, wanda ya fito a 1979 ya kuma lashe kyautar littattafan Afirka mai suna Noma Award a 1980. Littafin doguwar wasiƙa ce da wata malamar makaranta, Ramatoulaye, take rubuta wa aminiyarta Aïssatou a cikin kwanakin takabarta, bayan rasuwar mijinta Modou, wanda ya juya mata baya da ƴaƴa goma sha biyu ya auri ƙawar ɗiyarsu.

Kusan duk shekara ɗalibaina suna shiga aji da tabbacin cewa marubuciyar mijinta ne ya mutu, ta zauna ta zuba hawayenta a takarda. Ba haka tarihin yake ba. Auren Mariama Bâ da ɗan majalisa Obèye Diop saki ne ya kawo ƙarshensa, kuma ita ta ci gaba da ɗawainiyar ƴaƴa tara. Idan ma ana neman wadda hanyarta ta fi kama da ta marubuciyar a cikin littafin, to Aïssatou ce, wadda ta fita daga gidan miji lokacin da aka yi mata kishiya, ba Ramatoulaye da ta zaɓi zama ba. Ke nan marubuciyar ta miƙa bakin magana ga matar da ta yi abin da ita ba ta yi ba, ta bar wadda ta yi irin nata zaɓin tana sauraro. Wanda ya karanta littafin a matsayin tarihin mai shi, wannan dabara gaba ɗaya za ta wuce shi bai gani ba.

Sai mu tambayi kanmu, me ya sa ta zaɓi takaba alhali rabuwar da ta sani ta saki ce? A ganina dalilin na sana'a ne. Wata huɗu da kwana goma da Alƙur'ani ya gindaya a Suratul Baƙara, aya ta 234, lokaci ne da mace take zaune wuri guda, duniya ce ke zuwa ta same ta. Dangin miji suna zuwa, kishiya da uwarta suna nan, ana lissafin abin da mamaci ya bari, basussukan da ya ɓoye suna fitowa fili, kuma tun kafin wa'adin ya cika masu neman aure sun fara leƙowa, kamar yadda ɗan'uwan Modou, Tamsir, ya furta nasa nufin a ranar arba'in. Babu wani lokaci a rayuwar mace Musulma da dukan igiyoyin aurenta ke taruwa a ɗaki ɗaya kamar wannan, kuma marubuciyar da ta san aikinta ba za ta bar shi ya wuce ba.

Ba ina cewa rayuwarta ba ta cikin littafin ba. Tana ciki ƙwarai, amma a wani wuri dabam da inda ake nemanta. Tana cikin sanin yadda albashin malama ke ƙarewa kafin wata ya mutu, da yadda ake kallon macen da ta je wurin biyan kuɗin wuta da ruwa ita kaɗai a layin maza, da irin tambayar da littafin ya ƙi saki: me ya rage wa mace bayan ta ba da shekara talatin? Aure da rashi suna ba marubuciya ido da kunne da tambaya. Abin da ya faru a labarin kuwa, ita ke ƙera shi. Saboda haka masu neman kishiyar zahiri a rukuninku, ina jin tsoron sun bar karatu sun koma bincike.

Uwar Marayu ta amsa:

Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ƙanwata, ni ina cikin waɗanda tambayarki ta shafa kai tsaye, domin ina rubuta gajerun labarai, na taɓa aikawa gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara shirya wa mata a 2016, kuma na yi takaba. Zan faɗi abin da na gani a alƙalamina, ba zan yi magana a madadin kowa ba.

Kafin rasuwar maigidana, idan zan rubuta mutuwa, abin da na karanta a wasu littattafan nake maimaitawa: a faɗa wa mata labari, ta kurma ihu, ta faɗi sumammiya, a yayyafa mata ruwa, ta farka tana sambatu. Bayan na ɗanɗana, hannuna ya ƙi rubuta wannan, ba don ba ya faruwa ba, sai don na gane ba a nan nauyin yake ba. A kwanakin farko gida cike yake, ana ta'aziyya, ana dafa abincin sadaka, mace ba ta da sararin da za ta ji abin da ya same ta. Nauyin yana sauka ne bayan sadakar bakwai, lokacin da baƙi suka watse, aka naɗe tabarmi, ta tashi auna gero ta ga hannunta ya ɗebo yadda ya saba, har da rabon wanda ba zai ci ba. Yana sauka ranar da girki ya zagayo kanta ta rasa abin da ranar take nufi yanzu. Wannan ne ya sa ban yi mamaki ba da kika ce hirar soyayya ta ragu a labarin, maganar abinci da bashi ta ƙaru. Ba soyayyar ce ta ƙare ba. Marubuciyar ce ta gano inda take zaune a gidan aure.

Batun kishiya kuwa, akwai abin da mai karatun da bai shiga ba zai yi wuya ya fahimta. Matan da suka shekara suna kishi a kan mutum ɗaya, rana guda suke shiga takabarsa, sau da yawa a gida ɗaya, babu kwalliya, babu turare, babu wanda za a yi wa. Sannan ga lissafi. Idan mamaci ya bar ƴaƴa, tumunin takaba, wato kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya rage bayan an biya bashi da wasiyya, shi ne rabon matansa gaba ɗayansu, ba kowace da nata tumunin ba. A ce abin da ya rage miliyan takwas na sefa ne, matan biyu miliyan ɗaya za su raba, kowace jikka ɗari biyar, wato rabin miliyan. Idan gidan da suke ciki shi ne babban abin da aka bari, kowace tana kwana da tunanin inda za ta koma idan magada suka ce a sayar. Macen da ta zauna kusa da abokiyar zamanta ana wannan lissafi, ta ga irin tsoron da ke fuskarta, da wuya ta sake zana kishiya a matsayin mai bin bokaye kawai. Ba lalle sun shirya ba, wasu ma a lokacin rigimar ke tsananta, amma ta riga ta ga ɗayar a matsayin mutum.

Inda zan yi wa kanmu adalci shi ne maganar mijin da ya fara samun uzuri. Wannan sauyi yana iya zama zurfi, yana kuma iya zama rauni. Addini ya hana mu zagin mamaci, zuciya ma ba ta so, kuma wanda ya tafi ba zai iya kare kansa ba. Sai marubuciya ta ji kamar duk laifin da ta ɗora wa mijin labari, a kan kabarin nata take ɗora shi, ko da ba su yi kama ba ta kowace fuska. Daga nan sai ta fara wanke shi. Idan ta wanke shi ta hanyar nuna mana abin da ya sa yake rowa, misali nauyin dangi da yake ɓoyewa, labarin ya ƙaru. Idan kuwa ta share laifin kawai kamar ba a taɓa yi ba, to ta cuci matar cikin labarin, wadda muka yi babi ashirin muna ganin wahalarta. Mai karatu yana da cikakken haƙƙin ya yi wannan suka, domin suka ce a kan rubutu.

Akwai kuma wata hanya da aure ke shiga rubutu wadda ba a cika lura da ita ba, wato lokaci da izini. Da yawa daga cikinmu bayan sallar isha'i muke rubutu, a waya, bayan yara sun kwanta, shi ya sa babi yake zuwa gajere kuma yake yankewa a inda hankali ke tashi. Da yawa suna sa hannu da sunan ɗa, Maman wane ko Ummu wane, domin sunan yanka yana jawo magana daga dangin miji. A gari irin namu, inda daga Birni zuwa Zango zuwa Sabon Gari da wuya a rasa wanda ya san wanda ya san ki, kalma ɗaya a rukunin WhatsApp cewa wance ce kishiyar labarin tana iya isa kunnen surukai kafin gari ya waye, kuma bazawarar da ƴaƴanta ke hannun dangin ubansu ita za ta biya kuɗin wannan hasashe.

Ɗan Zango ya amsa:

Inna, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Malam, da girmamawa, ina ganin ka zaɓi misalin da ya dace da ra'ayinka ne ka bar waɗanda ba su dace ba. Ba sai mun je Dakar ba, ga Kano nan kusa da mu. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da kimanin shekara 13, auren bai daɗe ba ya mutu, daga baya ta koma neman ilimi ta hanyar karatun manya. Sai ga littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990 yana ba da labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo, ta sha wahala, ta nemi ilimi ta tsaya da ƙafarta. Wa zai karanta wannan ya ce bai ga marubuciyar a ciki ba?

Buchi Emecheta ta Najeriya ma haka ne, kuma nata ya fi fitowa fili. Ta yi aure tana da shekara 16, ta bi mijinta London a 1962, ya ƙone rubutun littafinta na farko, ta rabu da shi ta reni ƴaƴa biyar ita kaɗai. A littafinta Second-Class Citizen na 1974, mijin jarumar yana ƙone mata rubutu, abin da ya faru da ita ke nan ta sauya sunaye. Ba ta ɓoye ba, kuma ba ta nemi a ɓoye mata ba.

Abin da nake tsoro shi ne, idan muka dage cewa labari ba shi da alaƙa da mai shi, za mu ƙwace wa waɗannan mata abin da suka yi da gangan. Macen da ba ta da inda za ta kai ƙara, wadda iyaye suka ce ta yi haƙuri, malamai suka ce ta yi haƙuri, sai ta sami takarda ta faɗi abin da aka yi mata, sannan mu zo mu ce ai dabara ce ta adabi? Wani lokaci shaida ce, kuma ya kamata a karɓe ta a matsayin shaida.

Malamin Lise ya sake amsawa:

Ka yi gaskiya, ɗana, akwai marubutan da suka buɗe ƙofar da kansu, kuma waɗanda ka ambata sun yi magana a fili kan rayuwarsu, shi ya sa ni da kai muke da hurumin kawo ta a nan. Marubuciyar da ake magana a kanta ba ta yi haka ba. Sannan ko a wajen Hajiya Balaraba, ka lura da abu biyu. Ita ƙanwar Janar Murtala Muhammad ce, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairun 1976, rashin da duniya ta sani. Amma littafin da ka ambata, da wani littafin nata mai suna Alhaki Kuykuyo Ne, ba a kan wannan rashi suke ba, a kan gidan aure suke. Ba kowane baƙin ciki ne yake zama labari ba, marubuciya ce ke zaɓa. Na biyu, a Alhaki Kuykuyo Ne, Rabi, wadda miji ya kora da ƴaƴanta saboda amarya, ta kafa sana'ar abinci ta riƙe gidanta, amma a ƙarshe aka matsa mata ta koma wa mijin bayan ya karye. Marubuciyar da ta san ƙimar tsayawa da ƙafa ta hana jarumarta wannan ƙarshen, ta ba ta wanda al'umma ta saba tilasta wa mata. Wannan hukuncin marubuci ne a kan abin da mai karatu ya kamata ya ji zafinsa.

Hajiya ta Mirriya ta amsa:

Salamu alaikum, ƴaƴana. Ni malamar Islamiyya ce, ba na bin labaran waya, amma ina so in ƙara abu ɗaya da ban ji an taɓo ba. Mace ta rubuta baƙin cikinta ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙin makoki ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha. Damagaram ba ta taɓa zama ƙarƙashin Sakkwato ba, amma sunan Nana ya ƙetare wannan iyaka tuntuni. A irin waɗannan waƙoƙi ana ambaton mamaci da sunansa, a lissafa halayensa na ƙwarai, a yi masa addu'a, domin manufarsu ke nan, kuma saboda haka babu wurin da za a faɗi laifinsa ko a yi ƙorafi a kan zaman da aka yi.

Abin da ba ya faɗuwa a waƙar makoki, iyayenmu mata sun sama masa wata hanya, wato waƙar daka da ta niƙa. Mace tana kan turmi tana rera habaici a kan miji marowaci ko kishiya mai tsegumi, duk gidan suna ji, wataƙila kowa ya fahimci inda aka dosa, amma babu mai ikon tsayar da ita ya ce da ni kike, domin ba ta kira suna ba, kuma rabin baitocin ma gadonsu ta yi daga kakarta. Ƙagaggen labarin matan yau a wannan gurbi yake zaune. Wani abu nata ne, wani na maƙwabciya, wani ta ji a gidan suna, wani ta ƙirƙira, kuma rashin kiran sunan shi ne sharaɗin da ya ba ta damar buɗe baki. Wanda ya ce sai ya gano wace ce kishiyar ya karya sharaɗin, ya kuma faɗa cikin bin diddigin da Suratul Hujurati, aya ta 12, ta hana.

Ɗiyata, idan kuna son ku auna abin da rashin ya yi wa rubutun baiwar Allahn nan, kuna da duk abin da kuke buƙata a hannunku. Ku ɗauki babukan da ta rubuta kafin ta dakata, ku fitar da duk ƙorafin da matar labarin ta yi a kan mijinta, sannan ku bi babukan bayan takaba ku ga wanne aka amsa, wanne aka bayyana dalilinsa, wanne kuma aka yi shiru a kansa kamar ba a taɓa faɗa ba. Ku yi haka da kishiyar ma, ku duba ko an nuna abin da ya sauya ta a cikin labarin ko kuwa kwatsam aka wayi gari ta zama ta kirki. Idan kun gama, ku turo mana abin da kuka samu a nan, Malam da Uwar Marayu su duba tare da ku.